Bazazzagi a Kan Doguwar Mota

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar Talata da hantsi ina zaune a rumfar wani abokina a Kantin Kwari, wayata ta yi ƙara. Na duba sai ga hoton mutum tsaye a gaban wata doguwar bas, ya soke riga cikin wando, ya dafa ƙofar da hannu ɗaya kamar shi ya biya kuɗinta. Sai da na ƙura ido sannan na gane fuskar. Ashe kai ne, ɗan Gwaggo. A ƙarƙashin hoton kuma ka rubuta, “Motan ya yi kyau ko?” To, kafin mu je ko'ina, mota mace ce a duk inda ake jin Hausa, in ban da Zariya, inda riga da hula da tukunya duk kuka mayar da su maza. An damƙa maka mota mai tsawon mita 12, ba ka ma san ko mace ce ko namiji ba. Allah ya kiyaye hanya.

Mai karatu ya yi mini uzuri in ya ga na sake baki. Igiya uku ce ta ɗaure wannan bawan Allah a hannuna. Uwarsa ƙanwar mahaifina ce da aka yi kuskuren kaiwa aure Tudun Wadan Zariya, don haka taubashina ne. Ni Bakano ne shi Bazazzagi, wannan kuwa ba sai na yi bayani ba. Ta uku ita ce mai ƙarfin: ni na sa masa hannu. Kamfanin da ya ɗauke shi aiki a Abuja ya ce sai ya kawo garanto, mutum mai aiki tsayayye da adireshi sananne, wanda za a riƙe in ya yi ɓarna ya gudu. Duk faɗin Zazzau, da furofesoshin Samaru da malaman Kongo da masu karatun zaure na cikin ganuwa, aka rasa mai yarda ya ɗora sunansa a kan naka. Sai ga ka a ƙofar gidana bayan la'asar da takarda a cikin leda, kana kirana “Yaya”, kalmar da ban taɓa jin ta fito daga bakinka ba tun muna tsallen-baɗake. Na sa hannu. Daga ranar nan duk tabon da ya fito a jikin motar nan, a jikina ya fito, saboda haka ka gyara zama ka saurara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daɗewar da ka yi kafin ka kai ga babbar mota. A garinku makarantar koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964. A garinku, can Basawa, cibiyar nazarin sufuri ta ƙasa take tun 1986. Jirgin ƙasa ma sai da ya ratsa ta kanku sannan ya iso mana a 1911. Duk wannan ilimin sufurin yana kewaye da kai, amma ka ƙare da shekara ashirin tsakanin Kwangila da Unguwa Uku a cikin Hayis ɗin wani, kana tsayawa a Tashar Yari shan shayi, kana cusa buhun tumatir a Kwanar Gafan a ƙarƙashin ƙafafun fasinja. Ban raina ba, da ita aka yi auren fari da na biyu. Amma da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, lissafin ya ƙi fita. Fasinja ya ragu, balas bai ragu ba. Mai motar ya gaji ya sayar da abarsa, kai kuma ka koma benci a tasha kana taya 'yan kamasho kiran “Kano ɗaya, Kano ɗaya”. A watannin nan ban zolaye ka ko sau ɗaya ba, ka shaida. Ba a wasa da mai jin yunwa. Bashi na tara, yau kuma ranar biya ce.

Labarin ɗaukar aikin daga bakinka na ji, don haka kada ka ce na yi ƙari. Ka ce da ka isa garejin da takardunka, ka ɗauka za a ce “ga makulli, bismilla”, tunda shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce. Sai aka karɓi lasin ɗinka aka juya shi gaba da baya. Lasin ma ashe aji-aji ne: na babur daban, na ƙaramar motar gida daban, na tirela daban, mai ɗaukar jama'a a babbar bas kuwa aji E ake nema. Sharaɗin shekara 26 da ake gindaya wa direban haya kaɗai ka haye ba gardama, don furfurar gemunka ta isa shaida. Daga nan aka tura ka gwajin ido. Mutumin da yake hango fasinja daga nisan kilomita guda yana ɗaga hannu a bakin titi, aka ce ya karanta layi na biyar a allo, ya ce allon ne ya yi datti. Aka auna jini aka ce ya ɗan hau. Aka karɓi fitsari don a ga ko kana taɓa abin da wasu direbobi suke taɓawa don korar barci. Nan kam ka fita fes, babu komai sai goro da shayi, na kuma yi alfahari da kai, duk da ban so faɗa ba.

Sai intabiyu. Ina ma ina wurin! An tambaye ka me za ka yi in fasinja ya zage ka, ka gyara murya ka buɗe Turancin Zage-zagi, irin wanda kuke ajiyewa a ƙasan akwati sai ranar taro. Ka ce da ka gama jawabi sai da ɗakin ya yi tsit. Kai ka fassara shirun da cewa an ji daɗi. Ni na san shirun mutanen da suke neman inda maganar ta dosa.

Gwajin tuƙin ne ya sauke maka rawani. An jera durom-durom a fili aka ce ka shigar da motar da baya tsakaninsu. Mai gwada ka yaro ne da bai fi sa'an ɗanka na fari ba, riƙe da allo da biro. Ka leƙa ta taga yadda ka saba, ka juya wuya don ka ga baya, sai ka ga babu abin gani sai kujeru jere har ƙarshen duniya. Ka taɓa durom na farko, ka kwantar da na biyu, na uku kuwa ka ce sai da ya gangara har bakin masallacin garejin. Yaron bai ce uffan ba, rubutu kawai yake. Giwa a garin wani zomo ce. Sati biyu aka ba ka kana zama a gefen wani tsohon direba, kana kallo kamar sabon yaron mota, kafin a sake gwada ka ka haye.

Abin da tsohon nan ya koya maka shi nake so in nanata, don ni ne zan biya in ka manta. A Hayis, inda hancinka ya shiga nan gindinka yake bi. Doguwar mota ba haka take ba. Kujerarka tana gaban tayoyin gaba, wato kai kana isa kwana kafin motar ta iso. In ka karya sitiyari a lokacin da idonka ya ce ka karya, tayoyin baya za su yanke hanya su hau dakalin titi, su tafi da tiren mai gyaɗa da duk wanda yake tsaye a wurin. Dole ka wuce kwanar kamar ka manta da ita, har fasinjan gaba ya fara salati, sannan ka juya. Kana juyawa dama kuma, wutsiyar da ta zarce tayoyin baya tana fita hagu ta share abin da ta samu. Ka ga ke nan mota ɗaya tana da wuri uku da za ta iya jawo maka magana a kwana guda, kai kuma ido biyu gare ka, ɗayan ma an ce sai da tabarau. Shi ya sa madubi ya zama abokin hirarka. Akwai kuma wurin da madubin ma ba ya gani, dab da ƙofa da kuma bayan motar, kuma nan ne daidai inda ɗan acaba da mai tallan ruwa suka fi son tsayawa.

Sai birki. Wannan motar da iska take tsayawa. Da asuba in ka tayar da inji, ba ka isa ka motsa ba sai allurar iska ta hau inda ake so, ko da duk Mararaba ta taru tana buga maka bodi. Ban san yadda za ka yi da wannan jiran ba, kai da kake sa giya tun kafin fasinjan ƙarshe ya shigo da ƙafarsa ta biyu. Kuma tsohuwar ɗabi'arka ta taka birki kana saki, kana takawa kana saki kamar mai ɗinki da keke, a nan zubar da iska take yi. Ga ruwa da yake taruwa a tankin iskar, sai an riƙa tsiyaye shi. Ga nauyi: motar kaɗai ta haura tan goma, ka zuba mata mutane har bakin ƙofa. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ninki huɗu yake zama, wannan lissafi ne da ko furofesoshinku ba su isa su canza shi ba. Ka tuna da shi duk yamma in ka baro AYA ka fara gangaren Kugbo da mota cike, ka hango jajayen fitilu sun yi layi har gadar Karu. Tun daga sama ake sauko da giya, a bar inji ya riƙe motar. Wanda ya bari sai ya zo tsakiya sannan ya dogara da ƙafarsa, birkin zafi yake ɗauka ya daina ji. Kowa a hanyar nan ya san abin da manyan motoci suka sha yi a wannan gangaren.

Na ji kuma tun da ka sauka kake cika wa abokan aikinka baki cewa Abuja taku ce, gida ka dawo. Bari in taya ka, don na san rabin labarin kawai ka riƙe. Gaskiya ne, da jihadi ya iso Zazzau, Sarki Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yo kudu har Zuba. Gaskiya ne ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa garin Abuja a 1828, kuma har yau sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. Amma ka lura da yadda kakannin naka suka iso: ba a doguwar mota ba, kuma ba a hankali ba. Na san za ka ce Sarki Alwali namu ma barin Kano ya yi, har Zariya ya je neman mafaka. Wannan ba ita ce maganar yau ba, kuma shafin nawa ne. Abin da ya dame ka shi ne, Abujar da kake tuƙi a cikinta Bakano ne ya yanke ta. Janar Murtala Muhammed ne ya sanar da sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairun 1976. Aka karɓi sunan daga hannunku, garin naku ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, aka bar ku a jihar Neja kuna leƙowa ta bayan dutsen Zuma. Gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamban 1991, kai kuma sai yanzu ka iso.

In ba ka yarda ba ka karanta allunan titi, tunda yanzu an sa maka tabarau. Ranar da aka tura ka layin Kubwa da Zuba, babbar hanyar da za ka bi sunan Murtala gare ta. Ka shiga Wuse II, ga titin Aminu Kano ya yi baka ya kewaye unguwar. Ka fito, ga na Sani Abacha. Duk inda ka juya sitiyari a kan sunan Bakano kake tafiya, ka riƙa yin sallama. Abu ɗaya zan ba ku, don ni mai adalci ne: su kansu dogayen motocin, mutanen Abuja “El-Rufa'i” suke ce musu, tun zamanin da ɗan'uwanku yake ministan birnin daga 2003 zuwa 2007. Mu aka ba mu tituna, ku aka ba ku abin da yake bin titunan yana hayaƙi. Rabo ya yi daidai.

Sunan nan kuwa yana da dalili, kuma dalilin shi ne ya sa aikinka ya fi ƙarfin hoton da ka turo. A 2006 aka kori acaba daga tsakiyar birnin. A 2013 aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan da ake kira araba shiga ciki. Birnin kuwa an gina shi ne yadda mai share ofis da masinja da ɗan sanda da malamar asibiti ba za su iya kama haya a cikinsa ba. Suna kwana a Nyanya da Karu, ko su tsallaka jihar Nasarawa, Mararaba da Ado da Masaka, wasu a Suleja da Madalla. Kullum da asuba sai an kwaso su an zuba a Sakatariya da Wuse da Area 1, da yamma a mayar da su. Mutumin da albashinsa yake kusa da mafi ƙarancin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, in ya ce zai riƙa hawa tasi sawu biyu kullum, kuɗin mota kaɗai zai cinye wata. Ga tsoron 'yan wan-cans, masu ɗaukar mutum a ƙaramar mota kamar fasinja, su kwashe masa waya da abin da yake banki, su watsar da shi a gefen hanya in ya yi sa'a. Don haka matar da ta tsaya a layi tun duhu tana jiran motarka, ba kyanka take jira ba. Sauƙin kuɗi take nema, da kuma motar da mutum tamanin suke ciki, wadda ba a isa a karkatar da ita daji ba.

Ka san a labarin Bayajida da aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki, mu da Rano aka ba mu baba da rini, Katsina da Daura kasuwa, Gobir yaƙi, ku kuma aka ce Sarkin Bayi. Shekaru kana musun wannan suna. To ga shi Allah ya mayar da kai kan gado ta hanyar da ba ka zata ba: sarkin bayin Allah masu tsayuwa a gadar Nyanya. Sai dai wannan sarautar, talakawan ne suke zagin sarki.

A Hayis kai ne hukuma. Ka tsaya inda ka so, ka tashi lokacin da ka so, wanda ya yi maka gardamar canji ka sauke shi a Kwanar Dangora ya nemi wata. In mota ba ta cika ba ka kashe inji ka tafi cin tuwo. Yanzu akwai takardar da ake rubuta lokacin fitarka da na dawowarka, akwai mai auna man da ka sha, akwai sufeto da zai iya hawa a kowace tasha ya ƙirga kawuna ya gwada da tikiti. Akwai wurin tsayawa, kuma ba shi ne duk inda aka ɗaga maka hannu ba. Wannan hannun da ake ɗagawa shi nake ji maka tsoro, don shekara ashirin ƙafarka tana zuwa birki da kanta in ta gan shi. Wata rana wani zai ce ku ɗebi mutum goma ba tikiti ku raba, ba wanda zai sani. Ka tuna a tashar da motar kwaɗayi take sauke fasinjanta, ka kuma tuna sunan wa yake kan takardar garanto. Wanwe ma ka yi bankwana da shi. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, na san labarin bai gama isa Kwangila ba, amma a Abuja an ji.

Ranarka ta farko kai kaɗai, uwargidanka ta ba matata labari, matata ta ba ni, don haka ruwayar ingantacciya ce. Ka tashi ƙarfe uku da rabi a ɗakin da ka kama a Masaka, ka yi asuba a gareji, ka zagaya motar kana bubbuga tayoyi, ka duba baƙin mai da ruwan lagireto, ka jira iska ta hau. Ka yi lodi lafiya. Ana hawa gadar Nyanya wani mai wa'azi ya miƙe da littafinsa ya fara, bai kai rabi ba mai maganin basir da ciwon baya ya miƙe ta ɗaya gefen shi ma ya buɗe jaka. Kana sauraron su biyun ta madubi, sai wata tasi ta yanko gabanka ba sigina. Ka taka birki irin na Hayis. Mai wa'azi ya tafi ya rungume mai magani, su biyun suka sauka a cinyar wata 'yar kasuwa mai kwandon ƙwai. An ce a cikin minti ɗaya an zage ka da Turancin buroka da Ibo da Yarbanci da Tibi da Gwari, wani Bakatsine a baya ya rufe da Hausa don kada ka ce ba ka gane ba. Kai kuma, mutumin da ya taɓa kashe mota a tsakiyar Kura don ya rama zagi ɗaya, ka ɗaga hannu ka ce a yi haƙuri. Da na ji wannan sai da na sa aka maimaita mini. A nan ka koyi cewa mai tsaye ba shi da abin riƙo sai ƙarfen sama da ƙafarka, kuma birkin da ba a ji shi ba shi ne na gwani.

Ba a gama ba. Da ka iso wajen Berger, gadojin nan masu hawa kan juna suka ruɗa ka, ka bi hannun da ba shi ba. Mota guda ta ɗauki ihu. Aka ce wata tsohuwa ce ta matso kusa da kai tana nuna maka da yatsa, nan za ka bi ɗana, nan za ka karya, har ka dawo kan hanya. Mai gida da kansa, jikan Abu Ja, ana yi masa jagora a cikin gidan kakansa.

Gwaggo ta kira ni a daren da ka tafi. Ba ta yi dariya ba ko da na gwada tsokanarta. Ita Nyanya suna ɗaya take da shi a kunnenta: safiyar 14 ga Afrilun 2014, da bam ya tashi a tashar, a daidai lokacin da ma'aikata suke hawa irin waɗannan dogayen motoci, mutum fiye da 70 suka rasu. Ta ce in gaya maka ka riƙa addu'ar hawa abin hawa kafin ka murɗa makulli, kada kuma ka bar kayan da ba mai shi a cikin mota. Ta ce ka riƙa barci, don ta san ka da hira har tsakar dare, mai tashi ƙarfe uku da rabi kuwa ba shi da wannan sararin. Na ce mata zan faɗa. Ga shi na faɗa a gaban jama'a, yadda ba za ka ce saƙo bai iso ba. Maganin hawan jinin ma ta ce a tambaye ka ko kana sha, ko ka bar shi a aljihun tsohuwar rigarka.

Saura lissafin da yake tsakanina da kai. Shekara nawa ina ba ka kuɗin shara duk watan Cika-ciki, kana karɓa kana cewa ya yi kaɗan, ba ka taɓa ɗaga tsintsiya a ƙofar gidana ba. Bana kiɗa ya canza. Wanda aka ɗauka da wata uku na gwaji, in ya haye, albashinsa na fari akwai rabon wanda ya tsaya masa, wannan ko a Zariya an sani. Ba na son kuɗi, kada ka ce Bakano ya nuna hali. Yadi biyar na shadda ya isa, kuma a Kwari za ka saya, a rumfar abokina, don kuɗin ya dawo gida.

Wata mai kamawa ina da ɗaurin aure a Karu. Zan kwana, da asuba in fito gadar Nyanya in shiga layi kamar kowa. Kujerar gaba nake so, ta bayan direba, inda zan riƙa ganin allurar gudu da idona. Kuɗin mota kuwa na riga na tanada: sabuwar naira ashirin, mai hoton Murtala a gaba da Ladi Kwali a baya. Na san ko ruwan leda ba za ta saya ba yanzu. Ka karɓa da hannu biyu, ka gaishe da mai hoton, in kwandasta ya yi magana ka ce masa mai motan ne ya zo duba kayansa.